Maigida ya ce Dakota, ni kuma na ce Disney

Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni da maigidana muna zaune a Miniyapolis ta jihar Minesota shekara 9 ke nan, da yara uku: namiji mai shekara 13, mace mai 9, sai auta mai 4. Shi direban babbar mota ne, wani lokaci sai ya yi kwana 5 bai kwana a gida ba, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. Tun da muka zo ba mu taɓa fita hutu ba, in ban da zuwa gida sau ɗaya. Bana mun tara dala 1,500. Yara sun dame ni sai an kai su Disney, katafaren wurin wasan yara a Fulorida, saboda abokansu na makaranta sun je. Na ce mu cika da katin bashi, shi kuma ya ce a'a, mu je wani gari wai shi Sioux Falls a Dakota ta Kudu, wanda yake yawan wucewa da mota, mu yi kwana 4 mu huta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙawayena suna saka hotunan Dubai da Fulorida, ni kuma in ce mun je kallon ciyawa? Ga shi duk wata muna aika wa surukata da mahaifiyata kuɗi, har zuciyata tana raya mini ko hutun ma almubazzaranci ne. Sati biyu ke nan magana ba ta haɗa mu sosai. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki a Miniyapolis

Ƙanwata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki bi baban yara ku je Dakota. Amma ba na so ki tafi kina kumbure-kumbure a kujerar gaba, don haka ki zauna mu yi maganar a tsanake.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ne ya haddasa rigimar. Tikitin shiga Disney na yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum ɗaya, kuma auta ma sai an biya mata, domin 'yan ƙasa da shekara 3 kaɗai ke shiga kyauta. Ku biyar ke nan, kun ajiye sama da dala 500 a bakin ƙofa kafin kowa ya sha ruwa. Ga kuɗin jirgi na mutum biyar zuwa Orlando, inda Disney take, da dawowa, ga otal, ga abinci a wurin da komai tsadarsa ta ninka, ga motar haya. Dala 1,500 ɗinku za ta ƙare tun ba ku shiga yini na biyu ba. Sauran, wanda zai iya kaiwa dala 4,000, katin bashi ne zai ɗauka. Ruwan da katunan bashi ke cazawa a Amurka yanzu yana wajen kashi 20 cikin 100 a shekara, wasu ma sun fi. Wato in bashin ya kwana shekara a kanku, kusan dala 800 za ta tafi a kuɗin ruwa kawai, ba ta rage komai daga uwar kuɗin ba. Ban ma taɓo maganar riba ba, wadda ke da ni mun san matsayinta. Mutane kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, gaskiya ne, amma akwai bashin asibiti da na makaranta, akwai kuma wanda mutum ya jawo wa kansa don hoto. Wa zai biya wannan? Mutumin nan da ke kwana 5 a kan titi, shi zai koma kwana 6. Ke kuma ki ƙara karɓar aikin dare. Yaran da kika so ki faranta wa rai su ne za su ƙara rasa iyayensu a gida har shekara ta zagayo.

Ba ina kushe Disney ba ne. In kuna sonta, ku buɗe mata asusu na daban, ku riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk wata. Nan da shekara 3 auta ta kai 7, lokacin ne ma za ta iya tuna abin da ta gani. Yanzu in kin kai ta, abin da za ta riƙe shi ne zafin Fulorida na watan Yuli da tsayuwa a layi.

Akwai wani abu a wasiƙarki da na tsaya a kai, ban sani ba ko ke kin lura. Kin ce garin da ya zaɓa shi ne wanda yake yawan wucewa da mota. Direban babbar mota yana wuce garuruwa ba adadi, yawancinsu ba ya ko tuna sunansu. In har ya riƙe guda ɗaya ya kawo shi gida ya ce a kai yara, to ina kyautata zaton ya daɗe yana hango wurin ta gilashin mota yana cewa a ransa, da ma yarana suna nan. Mazanmu da yawa ba su iya faɗin irin wannan da baki ba. Sai dai su ce "mu je wuri kaza." Ke kuma kika ji kamar rowa ce. Ki tambaye shi da daddare, bayan yara sun kwanta, me ya gani a garin. Ki tambaya da muryar mai son ji, ba ta mai neman inda za ta kama shi ba.

Shi ma yana da nasa laifin, in har yanke hukunci ya yi ya ajiye miki ba tare da shawara ba. Kuɗin nan da guminki a ciki. Kina da damar ki ce masa, "Baban yara, na yarda mu je, amma tare za mu tsara." Wannan ba rashin biyayya ba ne.

To, yanzu garin. Ana rubuta shi Sioux Falls, ana furta shi Su Fols. Shi ne birni mafi girma a Dakota ta Kudu, amma mutanensa wajen 200,000 ne kawai, don haka a ma'aunin Amurka ƙaramin gari ne. Daga Miniyapolis tafiyar kamar awa 4 ce, mil 240 ko kusa da haka, in kun bi ta Mankato da Worthington kuka hau babban titin I-90 zuwa yamma. Ba jirgi, ba binciken kaya. In kina da lasisi, ki karɓi tuƙin ko da rabin hanya ne. Mutumin da tuƙi ne sana'arsa, babbar kyautar da za ki yi masa ita ce ya zauna a gefe ya kalli gari kamar kowa.

Kin ce kallon ciyawa. Bari in gaya miki abin da za ki gani. Da kun wuce Mankato ƙasa za ta baje, sararin sama ya buɗe ta ko'ina, gonakin masara da waken soya su miƙe har inda ido ya gaji, can nesa manyan fankokin da ke samar da lantarki da iska suna juyawa a hankali. Ranar da na fara bin irin wannan hanyar a watan Yuli, abin da ya faɗo mini shi ne hanyar ƙauyenmu da damina ta yi tsakiya, lokacin da dawa ta rufe mutum kuma hadari ya taso daga gabas ana ganinsa tun daga nesa. Ban yi tsammanin zan ji ƙanshin gida a tsakiyar Amurka ba. Yaranki a cikin birni suka buɗe ido, tsakanin gine-gine. Ba su taɓa ganin inda sama ke haɗuwa da ƙasa ba. Ita kuma ciyawar da kike rainawa, asalin doguwar ciyawar wannan yankin, a da ta rufe eka miliyan 170 na Arewacin Amurka, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, duk an nome. Wani ɓangare na ɗan abin da ya saura gwamnati ce ke tsaronsa kamar dukiya.

Zuciyar garin ita ce Falls Park, inda kogin Big Sioux ke gangarowa a kan wasu duwatsu masu launin ja-ja, hawa-hawa, tsawon gangarar kusan ƙafa 100. Shiga kyauta ne, ajiye mota kyauta, hawa hasumiya mai hawa 5 da ake hango gari daga samanta shi ma kyauta. A gefen ruwan akwai kangon wani katafaren injin niƙa alkama, Queen Bee, da aka gama ginawa a 1881, bai yi shekara 3 yana aiki ba ya durƙushe, daga baya gobara ta cinye shi a 1956. Da irin dutsen nan aka gina tsofaffin gine-ginen garin, har da tsohuwar kotu wadda yanzu gidan tarihi ce, ita ma ba a biyan ko sisi. Ku je wurin ruwan da safe, ku sake komawa da yamma. Haske yana sauya launin dutsen.

A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Duwatsun suna da santsi, ruwan yana da ƙarfi, kuma wani lokaci kumfa takan taru a gefe ta rufe ruwan har yaro ya ɗauka ƙasa ce. An rasa rayuka a wurin, har da ƙananan yara. Hannun auta kada ya bar hannunki ko na babanta, kuma kada babban ya ce zai tsallaka dutse don ɗaukar hoto. Wani abu kuma, don kada ya zo miki ba zata: kusa da wurin akwai babbar masana'antar sarrafa naman alade, ita ce ta ɗauki baƙi da yawa aiki a garin. Wani lokaci iska takan kaɗo warinta. In hakan ta faru ku matsa wani ɓangaren, ko ku dawo anjima.

Daga nan da ƙafa za ku iya gangarawa titin Phillips, inda ake jera sassaƙe-sassaƙe a bakin hanya, ana sauya su duk shekara, mutane suna zaɓen wanda ya fi burge su. Ki bar 'yar shekara 9 ta zama alƙaliya. Da bazara kuma akwai dandalin Levitt da ake kiɗa kyauta a fili, iyalai su shimfiɗa bargo a ciyawa. In gidanku ba ma'abota kiɗa ba ne, ku wuce abinku, ba abin da kuka rasa. Ranar Asabar da safe manoma suna cin kasuwa a gefen Falls Park, ki sayi sabuwar masara da tumatir.

Abin biya, ku zaɓi guda ɗaya tak: ko gidan namun daji na Great Plains, ko cibiyar kimiyya ta yara da ke cikin Washington Pavilion, wani tsohon ginin sakandare da aka mayar wurin ilimi da wasanni. Ki bar yaran su yi ƙuri'a. Ni da za a tambaye ni, zan ajiye cibiyar kimiyyar don ranar da aka tashi da ruwan sama ko zafi ya yi yawa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a duk shawarar nan, kuma shi ne inda mata irinmu muke kuskure. Za ki ji kamar tunda garin ba Disney ba ne, sai kin cika kowace awa da zuwa wani wuri don ki rama wa yara. Kada ki yi. Wuri ɗaya a yini ya isa. Ku tashi lokacin da barci ya sake ku, bayan kun koma daga sallar asuba. Ku karya a nitse. Ku fita ku dawo kafin rana ta take. Baban yara ya yi barcin rana irin wanda ya manta da shi. Da la'asar yara su shiga wurin ninkaya na otal. Na ga iyalai da yawa, kuma kusan duk lokacin da aka tambayi yaro ƙarami abin da ya fi so a tafiya, ruwan otal zai ce. Saboda haka in kina neman masauki, abu uku za ki duba: wurin ninkaya, karin kumallo a cikin kuɗin ɗaki, da ɗan kicin ko aƙalla firji da na'urar ɗumama abinci. Ku tanadi kayan ninkaya masu sutura ke da 'yarki tun daga gida. Ke ma ki shiga ruwan, ko ki zauna a gefe ki tsoma ƙafa ba tare da waya a hannu ba. Aikinki ɗaga tsofaffi ne da kwantar da su, bayanki yana da haƙƙi a kanki.

Za a ce muku tunda kun shigo Dakota ta Kudu ku ƙarasa Dutsen Rushmore mai fuskokin shugabanni huɗu. Ku ce a'a. Yana can ƙarshen yammacin jihar, sama da awa 5 daga Sioux Falls, zuwa kawai. Wannan ba hutu ba ne ga direba. In ƙafa ta yi ƙaiƙayi, akwai na kusa. Palisades, kusa da Garretson, bai fi tafiyar rabin awa ba: rafi ne ya ratsa tsakanin tsaunukan jan dutse, ana biyan kuɗin shiga a kan mota, ba a kan kai ba. A Mitchell, kamar awa ɗaya zuwa yamma, akwai wani gini da suke kira Fadar Masara, wanda tun 1892 garin ke da al'adarsa: ana yi wa bangonsa zane da zangarniyar masara mai launi daban-daban, ana sabuntawa, shiga kyauta. Ni dai ba zan ce lallai ba, amma yara kan yi dariya su yi mamaki.

Wanda ba na so ku tsallake shi ne gandun dajin Blue Mounds, kusa da Luverne a ɓangaren Minesota, kuma a kan hanyarku yake, ko a zuwa ko a dawowa. Akwai garken ɓaunar Amurka a can, waɗannan masu ƙaton kai da tozo da gashi, suna kiwo a ragowar asalin ciyawar. A da miliyoyi ne a waɗannan filaye, aka karkashe su a ƙarni na 19 har suka kusa ƙarewa. Daga nesa ake kallonsu, a inda aka tanada. In kun shiga ciyawa ku sa dogon wando da safa, da yamma ki duba jikin yara, bayan kunne da hammata, saboda kaska.

Shi kuma babban, ɗan shekara 13, shi ne zai fi ba ki aiki, domin shi ne ke jin kunyar abokai. Kada ki lallaɓa shi kamar yaro, ki ba shi matsayi. Ki ce shi ne mai taswira kuma ma'ajin tafiya: ya riƙe takarda, ya rubuta duk abin da aka kashe, da yamma ya faɗa wa babansa abin da ya rage. Ku ba kowane yaro ɗan kuɗinsa a hannu, ko dala 20 ce, ya kashe yadda ya so, in ta ƙare ta ƙare. Kuma shekarunsa sun kai a gaya masa ƙasar wa yake takawa. Sunan garin daga mutanen Sioux ya samo asali, wato Dakota da Lakota da danginsu, waɗanda ke nan kafin Turawa. A Mankato da za ku ratsa, ranar 26 ga Disamba 1862 aka rataye mutum 38 na ƙabilar Dakota a lokaci guda, hukuncin kisa mafi yawa da hukuma ta taɓa zartarwa a rana ɗaya a tarihin Amurka. A shekarar ce kuma aka yi dokar da ta riƙa raba wa masu zuwa eka 160 na ƙasa su noma. In yana da sha'awa, Pipestone ba ta fi awa ɗaya daga Sioux Falls ba, inda har yau 'yan asalin ƙasar ke haƙo jan dutsen da suke sassaƙa lofen ibadarsu da shi. Yaron da ya koma makaranta da wannan a kansa ba zai rasa abin faɗa ba in an tambayi inda ya je.

Game da abin da za ki ce musu, gaskiya za ki faɗa, ke da babansu a zaune tare, baki ɗaya. "Bana kuɗinmu na Dakota ne. Disney muna tara mata." Kada ki ce "babanku ne ya ƙi." Wannan kalmar in ta fita ba ta komawa, kuma yara suna ajiye ta. Za su ɓata rai kwana biyu, ki bar su. In sun ga ke kina ɗoki, su ma za su kama.

Abinci shi ne inda kuɗin tafiya ke zurarewa ba a sani ba. Mutum biyar su ci a waje sau uku a yini, kwana 4, ya isa ya cinye rabin abin da kuka tara. Ki soya miyarki mai kauri tun daga gida ki daskarar, ki yi dambun nama da cincin, ki haɗa zoɓo, ki cika kula da ƙanƙara. Ki ɗauki tukunyar shinkafa ta lantarki. A karin kumallon otal ki kula, domin naman da ake ajiyewa yawanci na alade ne: ku tsaya ga ƙwai, burodi, madara da 'ya'yan itace, in kin yi shakka ki tambaya. Mutanen Dakota ta Kudu suna da wani abinci da suke alfahari da shi, chislic, gutsattsarin naman rago da ake soyawa ko a gasa a ci da tsinke. Da kin gani za ki ce ɗan'uwan tsire ne da ya rasa ƙuli. To ke ki yi naku: ki sayi naman halal, ki zo da yajinki, wuraren shaƙatawa da yawa suna da murhun gashi a ƙarƙashin bishiyoyi, gawayi kawai za ku saya. Ki bar baban yara da ɗansa a bakin wuta. Sau ɗaya kuma ku ci a waje, don ke ma ki huta da tukunya. Wannan na ƙarshen kada ki yafe shi.

In kun tsara haka, ga yadda zan raba kuɗin in ni ce: kamar dala 700 ga masauki, dala 120 ko sama kaɗan ga man mota, 250 ga abinci, 150 ga wuraren biya da kuɗin hannun yara. Abin da ya rage, kusan dala 300, ku riƙe shi saboda ba a san abin da hanya za ta kawo ba. In bai taɓu ba, shi ne tubalin farko na asusun Disney. Ku nemi ɗaki a tsakiyar mako, ya fi araha. Ku kauce wa farkon Agusta, lokacin da dubban ɗaruruwan masu babura ke tururuwa zuwa taron Sturgis a yammacin jihar, titin I-90 ya cika kuma otal-otal su yi tsada. Watan Yuni ko ƙarshen Agusta ya fi. Hadarin bazara a wannan yankin ba wasa ba ne: a Satumban 2019 guguwa mai juyawa har uku ta faɗa wa garin a dare ɗaya. Kin saba da jiniyar gargaɗi a Minesota, don haka da kun sauka ki tambayi ma'aikatan otal inda ake fakewa.

Na san akwai abin da ba ki rubuta ba amma yana ranki: yaya za a kalli baƙar mace mai hijabi a irin wannan wurin? Sioux Falls ta shafe shekaru da dama tana karɓar 'yan gudun hijira, akwai 'yan Sudan, Habasha, Somaliya da sauran 'yan Afirka da yawa, akwai masallatai, akwai shagunan da za ki samu naman halal. A cikin gari ba za ki zama abin kallo ba. A ƙananan ƙauyuka na hanya wataƙila a bi ki da ido, yawanci na rashin sabo. Ki yi gaisuwa ki sayi abin da za ki saya. In tafiyar ta haɗa da Juma'a, baban yara ya ɗauki ɗansa su je masallaci. Nisan ya wuce mil 48 da ake ƙasaru, sai dai a Malikiyya in kun yi niyyar zaman cikakkun kwana 4 a wuri, cika salla za ku yi da kun isa, ƙasarun ta hanya ce. Ki kuma tuna a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, don haka barcin ranan nan da na ambata ba na baban yara kaɗai ba ne.

Sai maganar su Hajiya. Allah ya saka muku da alheri, ya sa ku gama da su lafiya. Tunda ba daga kason su kuka yanka ba, kuma ba a bar wani a gadon asibiti ba, to ki cire kalmar almubazzaranci daga ranki. Shekara 9 kuna ɗauke da gida biyu a can da ɗaya a nan. Jikin da ke nemo kuɗin da ake aikawa yana bukatar hutu, yaran da ake nema dominsu suna bukatar su ga ubansu da rana tsaka yana dariya. Ki aika musu na wannan watan kafin ku tashi, ki kira su ki ce za ku ɗan fita da yara su sa muku albarka. In kun isa bakin ruwa ki kira su ta bidiyo su ga jikoki. Ba sai kin ɓoye ba, ba kuma sai kin yi shela ga dangi kaf ba.

Ƙawaye kuwa, ba ki san abin da ke bayan hotunansu ba, ni ma ban sani ba. Wata da kuɗinta ta je, Allah ya ƙara mata. Wata tana nan tana biya. In an tambaye ki, ki ce kun je Dakota kun huta, ki faɗa kai a ɗage. In kina jin hotunan suna cizon zuciyarki, ki rufe sanarwar zauren WhatsApp ɗin na kwana 4 ɗin nan.

Amma kafin duk wannan, sati biyu na shiru ya isa haka. Yau in yana gida, ko ranar da ya sauka daga hanya, ki dafa abin da yake so, ki kawo takarda da biro ki ajiye a tsakaninku, ki ce ya nuna miki hanyar a taswira. Ku tsayar da rana, ya nemi hutu a wurin aiki, ke ma ki nema, ku kama ɗakin tun yanzu kafin farashi ya hau. In kun dawo ki rubuto mini abin da auta ta ce da ta ga ɓauna.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Antinki